Tafiyar Labari Daga Bankok Zuwa Mairuwa: Nazari a Kan Juyin Finafinan Ɗan Ina-da-Kisa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk da haka, babu wata al'umma a duniya wadda adabinta ya tsira daga aro. Labari matafiyi ne, yakan tashi daga garin da aka haife shi ya bi fatake da almajirai da masu yawon duniya, ya sauka a wani gari, a ba shi masauki, a sake masa suna da sutura. A da, a bakin mutane da cikin littattafai yake wannan tafiya. A zamanin nan kuwa, fim ne babban abin hawansa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abin da yakan sami labari idan ya yi irin wannan ƙaura. An zaɓi finafinai biyu na ƙasashen Asiya waɗanda tauraronsu ɗan ina-da-kisa ne, watau mutumin da ake biya kuɗi ya kashe wani, waɗanda kuma masana'antar finafinai ta Amurka, Holiwud, ta sake shiryawa. Na farko shi ne Bangkok Dangerous na ƙasar Tailan, na biyu kuma The Killer na Hong Kong. Bayan an bayyana abin da aka riƙe da abin da aka zubar a cikin kowannensu, za a kwatanta da yadda marubutan Hausa da masu shirya finafinan Hausa suka yi nasu aron. Daga ƙarshe za a dubi al'amarin da idon mai kallo na Mairuwa, a ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina, inda mutum mai bindiga ya wuce tatsuniya.

Fassara, Juyi da Wankiya

Kafin a shiga cikin finafinan, ya kamata a rarrabe kalmomi uku da za su riƙa fitowa. Fassara ita ce a ɗauko zance daga wani harshe a mayar da shi wani, a bar mutanen labarin da garinsu yadda suke. Juyi kuwa, wanda wasu manazarta suke kira baddalawa, shi ne a ɗauko gangar jikin labari a sake zuba shi cikin wata al'ada, a sake wa mutanensa suna da gari da ɗabi'u, har ya zama kamar ɗan gida. Ita kuma wankiya kalma ce da ta yaɗu a tsakanin masu harkar fim a Kano, ana nufin a kwaikwayi fim ɗin wasu, galibi na Indiya, fitowa bayan fitowa, ba tare da izini ko ambaton mai shi ba.

Abin da Holiwud take yi juyi ne mai izini. Kamfani yakan sayi haƙƙin labarin daga masu shi, ya sa a sake rubuta shi da Ingilishi, ya ɗauko taurarin da 'yan kallonsa suka sani. Ta fuskar shari'a ke nan babu laifi. Amma biyan kuɗin haƙƙi bai tabbatar da cewa an riƙe amanar labarin ba, domin kowane labari yana da jigo, watau saƙon da aka gina shi a kansa. Ana iya sake suna da gari da harshe, jigo ya tsira. Ana kuma iya riƙe dukkan waɗannan, jigo ya salwanta.

Kurman Bankok

Danny Pang da Oxide Pang tagwaye ne, an haife su a Hong Kong a 1965, suka yi aikin fim a Tailan. Fim ɗinsu Bangkok Dangerous, watau Bankok mai hatsari, an nuna shi a bikin finafinai na birnin Toronto a 2000, inda ya sami lambar yabo ta ƙungiyar masu sharhin finafinai ta duniya.

Tauraron fim ɗin wani saurayi ne mai suna Kong, kurma ne kuma bebe. Tun yana yaro yara suke tsokanarsa suna cin zalinsa. Da ya girma sai ya sami aikin shara a wurin da ake koyon harbi. A nan wani ɗan ina-da-kisa mai suna Jo ya lura da cewa yaron yana da saiti, kuma ƙarar bindiga ba ta razana shi, tun da ba ya jin ta. Jo ya koya masa sana'ar, da hannun Jo ya sami rauni kuma sai Kong ya gaje shi. Ana ba shi hoton mutum, ya je ya harbe shi, ya karɓi ladansa, ya koma ɗakinsa.

A nan hikimar labarin take. Kong ba ya jin ƙarar harsashi, ba ya jin roƙon wanda zai kashe, ba ya jin kukan iyalinsa. Masu fim ɗin sukan ɗauke sauti a wasu wurare don mai kallo ya shiga cikin shirun da Kong yake zaune a ciki. Wannan kurumta ba zargi ba ce a kan kurame. Hasali ma fim ɗin ya nuna yadda wulaƙancin da jama'a suka yi wa yaron ya tura shi hannun miyagu. Alama ce ta zuciyar da ta toshe, wadda ba ta san nauyin abin da hannu yake aikatawa ba. Zuciyar ta fara buɗewa ne sa'ad da ya haɗu da Fon, wata yarinya mai aiki a kantin magani, wadda ta yi masa kirki. Ranar da ta ga ya harbe wasu 'yan ƙwace a gabanta, sai ta tsorata ta guje shi, a fuskarta kuwa ya fara ganin ko shi wane ne. Bayan an kashe Jo, Kong ya ɗauki fansa a kan ƙungiyar da yake yi wa aiki. A fitowar ƙarshe ya shiga motar ubangidan ƙungiyar, ya haɗa kansa da nasa, ya harba harsashi ɗaya ya kashe su duka biyu.

A 2008 aka fitar da juyin Holiwud da wannan suna, kuma tagwayen nan ne suka sake ba da umarni. Nicolas Cage, wanda kamfaninsa yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin, shi ya fito a matsayin makashin, mai suna Joe. An bar labarin a Bankok, an bar sunayen Kong da Fon, an bar kantin magani, an kuma bar mutuwar tauraro a cikin mota. Abu ɗaya aka ɗauke: Joe yana ji, yana magana. Kurumtar aka mayar kan Fon. Shi kuma Kong ya zama ɗan sane wanda Joe ya ɗauka ɗan aike, daga baya ya zama almajirinsa. Masu fim ɗin ba su ɓoye dalili ba, sun bayyana cewa ta fuskar kasuwa ba zai yiwu a ɗauko tauraro kamar Cage a hana shi magana ba.

Sauyin kamar ƙarami ne, amma shi ne ginshiƙin ɗakin. Kong na farko talaka ne ɗan gari, wanda rashin gata ya kai shi ga kisa. Joe kuwa baƙo ne daga Amurka, ƙwararre mai dokoki huɗu na sana'a, wanda yake jin roƙon mutane sarai amma ya zaɓi ya yi kunnen uwar shegu. Da kurumta ta koma kan budurwa, sai ta tashi daga zama mabuɗin halin makashi ta koma abin jawo tausayi kurum. Birnin Bankok ma, wanda a fim na farko gida ne mai lunguna da talauci, ya koma wurin yawon buɗe ido, da giwaye da kasuwar kan ruwa. Kasuwar da aka yi wa hidimar ma ba ta saka da alheri ba. An kashe kimanin dala miliyan 45 a kan fim ɗin, abin da ya samo a gidajen silima na duniya kuwa bai wuce kimanin dala miliyan 42 ba.

Makashin Hong Kong

Fim na biyu, The Killer, watau makashi, John Woo ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, ya fito a 1989. Chow Yun-fat ya fito a matsayin Ah Jong, ɗan ina-da-kisa wanda ya gaji da sana'arsa. A cikin wani artabu a gidan rawa, walƙiyar bakin bindigarsa ta lalata idanun wata mawaƙiya mai suna Jennie. Alhakin ya hana shi sakat. Ya riƙa bibiyarta yana taimakonta ba tare da ta san shi ne ya jawo mata makanta ba, har ya karɓi aikin kisa na ƙarshe don ya sami kuɗin da za a yi mata aikin ido. Waɗanda suka ba shi aikin suka ci amanarsa, suka hana shi kuɗin, suka kuma sa a farauce shi. A ɗaya gefen ga wani ɗan sanda mai suna Li, wanda Danny Lee ya fito a matsayinsa, yana bin sawunsa, har ya gane cewa halinsu ya yi kama, suka zama abokai.

Ƙarshen fim ɗin a cikin wata majami'a aka yi shi, tsakanin kyandirori da fararen tantabaru. Ah Jong ya roƙi Li cewa in ya mutu a cire idanunsa a sa wa Jennie. Sai aka harbe shi a idanun. Shi makaho, ita makauniya, suna rarrafe a ƙasa kowa yana laluben ɗan'uwansa, suka wuce juna ba su haɗu ba, ya cika. Shi kuma Li, don baƙin ciki, ya harbe shugaban miyagun bayan ya riga ya miƙa wuya ga hukuma, ya jefa kansa cikin laifi. Saƙon a fili yake: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Nadama ta zo wa Ah Jong, niyyarsa ta gyaru, amma hannun da ya zubar da jini bai sami ikon gyara abin da ya ɓata ba, ko da da idanunsa ne.

Tun farkon shekarun 1990 Holiwud take neman juya wannan fim, ana rubutawa ana ajiyewa. A tsakanin nan John Woo kansa ya koma Amurka ya yi finafinai irin su Face/Off a 1997, wanda Nicolas Cage ya fito a ciki. Sai a watan Agusta na 2024 juyin ya fito, a kafar kallo ta intanet mai suna Peacock, kuma Woo ne ya sake ba da umarni. An kai labarin birnin Faris na Faransa. Makashin ya zama mace mai suna Zee, wadda Nathalie Emmanuel ta fito a matsayinta, ɗan sandan kuma Omar Sy, Bafaranshe wanda iyayensa 'yan Afirka ta Yamma ne. An riƙe mawaƙiyar da ta makance, an riƙe majami'a da tantabaru, an riƙe abota tsakanin makashi da ɗan sanda. Abin da aka zubar shi ne ƙarshen. Zee ta gama da maƙiyanta ta fita da ranta.

Idan aka jera juyin nan biyu za a ga abin mamaki. Na 2008 ya riƙe ƙarshen labari ya yar da mafarinsa, watau lalurar da ta sa makashin ya zama abin da ya zama. Na 2024 ya riƙe mafari ya yar da ƙarshe, watau sakamakon da makashin ya girba. Kowannensu ya cire ɗaya daga cikin duwatsun murhu, tukunya kuwa ba ta zama daidai a kan biyu.

Dalilan Sauyi

Ba za a ce rashin gwaninta ya kawo wannan ba, tun da a duka biyun masu fim na asali ne suka juya abinsu da hannunsu. Dalilan suna cikin tsarin kasuwar da suka shiga. Na farko shi ne tauraro. A Holiwud sunan ɗan wasa ne yake jawo masu zuba jari, saboda haka labari ne yake bin tauraro, a yanka shi daidai jikinsa kamar yadda tela yake yanka yadi. Na biyu shi ne yawan jari. Wanda ya kashe dala miliyan arba'in yana bukatar 'yan kallo daga kowace nahiya, don haka yakan guji duk abin da zai yi wa wani ɗaci ko ya yi masa wuyar fahimta. Na uku shi ne tunanin gaba, domin tauraron da ya mutu ba a yin kashi na biyu da shi.

Haka kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa Asiya ce kullum mai ƙirƙira, Yamma kuma mai kwaikwayo. John Woo ya sha faɗin irin tasirin da fim ɗin Le Samouraï na 1967, na Bafaranshen nan Jean-Pierre Melville, ya yi a kansa, shi kuma Melville daga finafinan 'yan daba na Amurka ya sha. Akira Kurosawa na Japan ya yi Seven Samurai a 1954, Amurkawa suka juya shi ya zama The Magnificent Seven a 1960. Ya yi Yojimbo a 1961, labarin mai takobi da yake sayar da ƙarfinsa ga ɓangarori biyu masu gaba, sai Sergio Leone na Italiya ya juya shi a 1964 ya zama fim ɗin kaboyi A Fistful of Dollars ba tare da izini ba. Maganar ta kai ga ƙara, aka sasanta a kan ba wa ɓangaren Kurosawa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da fim ɗin ya samo. Wankiya ke nan tun kafin a raɗa mata suna a Kano. Akwai kuma juyin da ya yi albarka: Infernal Affairs na Hong Kong na 2002 ya zama The Departed a 2006 a hannun Martin Scorsese, wanda ya dasa labarin a cikin unguwannin birnin Boston da ɗabi'un mutanensu, har ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau. Ashe aibin ba a aron yake ba, a yadda aka yi shi yake.

Aro a Adabin Hausa

Ɗalibin Hausa bai kamata ya ji wannan magana baƙuwa ba, domin rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa da aro ya buɗe ido. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Rupert East, aka buga littattafan uku tsakanin 1937 da 1939. Da yawa daga cikin labaran ya samo su ne daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, har da dabarar sa aku ya riƙa ba da labari don ya tsare mai sauraro daga fita. Amma ya jiƙa su da ruwan Hausa har suka narke. Fada ta zama fadar Hausa da waziri da dogarai, kasuwa ta zama tamu ta ƙasar Hausa, magana ta cika da karin magana da ba'a. Mai karatu yakan gama littafin bai ji ƙanshin baƙunta ba.

Ahmadu Ingawa ya ɗauko labarin wani gwarzon Rasha ya mayar da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Abin lura a nan shi ne bai cire lalurar tauraronsa ba. Iliya ya tashi ba ya iya tafiya, kamar yadda yake a labarin asali, domin marubucin ya gane cewa ƙarfin da aka ba shi daga baya ba shi da ma'ana in ba a ga rauninsa na farko ba. Littafin ya shiga jinin Hausawa har sunan dokin Iliya, Kwalele, ya zama abin faɗa a bakin mutane.

Misali mafi kusa da Mairuwa shi ne na Bala Abdullahi Funtuwa, wanda a 1975 ya mayar da Animal Farm na George Orwell zuwa Gandun Dabbobi. Mai gandu ya zama Nomau, shugabannin juyin juya hali suka zama Maitumbi da Ɗantulu, mai farfaganda ya zama Karambana, dokin nan mai aiki tuƙuru ya zama Akawal. Sunaye duk sun sake, amma ƙarshen Akawal bai sake ba: bayan ya ƙarar da ƙarfinsa a kan gandu, shugabannin da ya amince da su suka sayar da shi. Da marubucin ya ji tausayin masu karatu ya ceci Akawal, da littafin ya mutu. Wannan shi ne abin da juyin The Killer na 2024 ya kasa yi.

Da finafinan bidiyo na Hausa suka kunno kai, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai aron ya ɗauki wata kama. Hausawa sun daɗe suna kallon finafinan Indiya a gidajen silima da talabijin, don haka masu shirya fim suka karkata can. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi sawun finafinan Hausa da dama ya nuna tushensu, alal misali Khusufi na 2003 daga fim ɗin Taal na Indiya. A wannan shekara ma an yi Masoyiyata Titanic daga shahararren fim ɗin nan na Amurka. Wasu daga cikin irin waɗannan finafinai sun yi ƙoƙarin daidaita labari da addini da al'ada. Wasu kuwa rawa da waƙa da sutura suka kwaso, suka bar tambayar ko matsalar da labarin yake magana a kai matsalar Bahaushe ce. Daga baya kuma, bayan 2010, sai ga finafinan fassara, waɗanda kamfanoni irin su Algaita na Kano suke ɗora wa muryar Hausa. Yawancinsu finafinan faɗa ne na kudancin Indiya, ana kuma haɗawa da na Sin da Koriya da Amurka. Ta wannan hanya ɗan ina-da-kisa na fim ya koyi Hausa, har da kirari da baƙar magana.

Mai Kallo a Mairuwa

Mairuwa gari ne na manoma a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, an san shi da madatsar ruwansa, ƙasarsa kuma ta masara ce da dawa da auduga. A nan, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, fim ba ya bukatar gidan silima. Saurayi yakan kai wayarsa shagon masu caji da tura finafinai, ya biya kuɗi kaɗan a cika masa ita, da dare abokai su kewaye ta. Tafiyar da labari yake yi daga Hong Kong zuwa Amurka cikin shekara talatin da biyar, yanzu yakan yi irinta daga Amurka zuwa bakin kasuwar ƙauye cikin 'yan kwanaki.

Sai dai wannan mai kallo ya bambanta da wanda Holiwud ta yi wa fim ɗin. Ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna cikin waɗanda suka fi shan wahalar 'yan bindiga a Jihar Katsina. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su ranar 17 ga watan. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, na wani lokaci, saboda matsalar tsaro. Mutumin wannan yanki ya san ƙarar bindiga ba a lasifika ba. Ya san gonar da aka bari ba a nome ba, da kuɗin fansa da aka tara ta hanyar sayar da shanu da hatsi, da marayun da aka bari.

Ba a cewa fim ne ya haifar da wannan masifa. Tushenta yana cikin rikicin ƙasa da kiwo, da satar shanu, da talauci, da yaɗuwar makamai, da raunin shari'a. Amma fim yana cikin abubuwan da suke koya wa yaro yadda zai kalli mai bindiga. Yara masu kallo sun raba mutanen fim gida biyu, akta da bos, suna kuma da wata ƙa'ida da suke faɗa, wai akta ba ya mutuwa. Darajar finafinan nan biyu na asali ita ce sun karya wannan ƙa'ida. Sun yarda mai kallo ya so makashin, ya tausaya masa, ya fahimci abin da ya kai shi, sa'an nan suka nuna masa cewa duk da haka sai ya biya. Juyin da ya bar makashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi, ya tabbatar wa yaro ƙa'idarsa ne, ya kuma ƙara masa da cewa wanda ya fi iya harbi shi ne akta.

Adabin baka na Hausa ya san wannan mahawara tun kafin zuwan fim. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, Muhammadu Gambo ya shahara da waƙar ɓarayi, jama'a kuma sun daɗe suna gardama a kan ko irin wannan waƙa tana zuga ɓarna ne ko tana tona asirinta. Amma a tatsuniya da labarun gargajiya, ko an yaba wa wayon ɓarawo ko ƙarfin azzalumi, akasari ba a rufe labari sai an nuna inda ya kwana. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Labarin da ya tsaya a rana ta dubu bai ƙare ba.

Saboda haka, idan wani mai shirya fim na Hausa ya yi sha'awar juya ɗaya daga cikin waɗannan labarai, akwai tambayoyi uku da suka kamata ya amsa. Ta farko, mene ne ya toshe kunnen makashin nasa? A Bankok kurumta ce da wulaƙanci. A dajin Katsina wataƙila maraici ne, ko garken da aka sace wa mahaifinsa, ko rashin karatu, ko ƙwaya, ko zalunci da aka yi masa bai sami mai bi masa hakki ba. Ta biyu, wace ce Jennie tasa, watau wanda aka cuta ba da laifinsa ba, kuma za a ba shi baki ya yi magana ko za a bar shi abin ado? Ta uku, wa zai biya a ƙarshe? Wanda ya amsa waɗannan daga abin da ya gani a ƙasarsa ya yi juyi irin na Imam. Wanda ya kwaso baƙin tabarau da doguwar riga da bindiga biyu a hannu biyu, ya yi wankiya, ko da ya biya kuɗin haƙƙi.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun finafinai biyu daga Asiya zuwa Amurka, ta nuna cewa Bangkok Dangerous na 2008 ya rasa dalilin makashinsa, The Killer na 2024 kuma ya rasa sakamakonsa, duk da cewa masu su na asali ne suka juya su. Ta kuma nuna cewa marubutan Hausa irin su Abubakar Imam da Ahmadu Ingawa da Bala Funtuwa sun bi wata hanya dabam, sun sake sutura gaba ɗaya sun riƙe jigo. Ma'aunin juyi ke nan, ko a littafi ko a fim, ko a Holiwud ko a Kano.

Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa a wannan fage. Finafinan fassara suna shiga kowane gida, suna zuba sababbin kalmomi da salon magana a bakin yara, sun kuwa cancanci a nazarce su da irin kayan aikin da ake nazarin littafi da su, watau jigo da zubi da salo da taurari. Ya kuma kamata a saurari masu kallo na garuruwa irin su Mairuwa, a ji yadda suke fassara abin da suke gani, domin wanda ya kwana yana sauraren motsin babura a bayan gari yana da abin da zai faɗa game da labarin mai bindiga, wanda marubucin Holiwud bai taɓa ji ba.